Direban Falo

Shekara ashirin na yi ina gaya wa mutanen Gombe cewa ni direba ne. Ba ƙaramin direba ba kuwa, direban tirela. Asalin labarin wata tafiya ce da na yi ina saurayi, wani direban babbar mota ya rage mini hanya daga Kumo zuwa cikin gari. Duk aikin da na yi a tafiyar bai wuce riƙe masa ledar goro ba. To amma labari ɗan maraƙi ne, in kana zuba masa dusa kullum dole ya girma. Ranar da na fara ba da shi a majalisarmu ta Shamaki, cewa na yi direban ya bar ni na taɓa sitiyari. Bayan shekara biyu sai ya zama gyangyaɗi ya kama shi na karɓe shi. Kafin in yi aure direban ya riga ya suma a tsakiyar gangara, birki ya tsinke, shanu arba'in na kuka a baya, ni kuma na kai su har Ikko da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina yi wa direban fifita.

Ba wanda ya taɓa ƙure ni, domin ba ni da mota. In wani ya miƙo mini mabuɗi ya ce in gyara masa fakin, sai in kalli motar da tausayi in ce, "Wanda ƙafarsa ta saba da tirela, in ya taka wannan gwangwanin ai sai ta tashi sama. Bar kayanka, kana da iyali." Sai a yi dariya a wuce wurin.

Ana nan, Allah ya yi mini buɗi ina da shekara arba'in da bakwai, na sayi mota. Ruwan toka ce, mai canza giya da kanta, kujerunta a cikin leda, ƙamshin cikinta kaɗai ya isa mutum ya ci tuwo da shi. Sai da muka gama ciniki dillalin ya danƙa mini mabuɗi, sannan na tuna da wata ƙaramar matsala: tsakanin garejinsa da gidana a Tumfure akwai titi, kuma a kan titin akwai mutane masu son rayuwarsu. Nan take na dafe ƙafa na ce sanyin ƙashi ya taso mini. Shi ya tuƙo ta har gida, ya shigar da ita da kai, hancinta na kallon bangon kicin, ya yi mini fatan alheri ya hau acaɓa ya tafi. Ni kuma na samo bandeji na naɗe ƙafar dama.

Yanzu sai in gaya muku labarin Dada, mahaifiyata, don ita ce tushen tashin hankalin. Bafulatana ce ta asali, ni kuma ɗan farinta ne, kuma a wurinsu ɗan fari abin kunya ne. Tun da na buɗe ido a duniya Dada ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ina yaro, in tana son in ci abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa wancan tuwo na sanyi," alhali ina zaune a kan tabarma ɗaya da su. In ba kowa a gidan, kaza ma takan wadatar. Na sha karɓar saƙo ta bakin akuya. Da na yi aure sai matata ta gaji muƙamin akuyar, ni kuma na samu ƙarin girma daga "wancan" zuwa "mutumin naki". Kuma saboda wannan fulako, Dada ba ta taɓa roƙona ko allura ba. Abin da na kai mata ta karɓa ta kawar da kai, wanda ban kai ba ba ta tambaya.

Washegarin zuwan mota matata ta je Shamaki ta yi mata albishir, ta dawo da saƙo.

"Baban yara, Dada ta ce a gaya maka tana son zuwa ganin ƙanwarta a ƙauyensu, can wajen Dukku. Ta ce ba ta son direban haya, ba ta son ɗan maƙwabta. Wanda ya kai shanu Ikko shi zai kai ta."

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ƙeya. Wannan shi ne abu na farko da Dada ta taɓa nema a wurina. Kuma a gidanmu al'ada ce, sabuwar mota ba mai shiga sai uwa ta fara shiga ta sa mata albarka. Ke nan har sai na kai Dada, matata za ta ci gaba da hawa keke-napep daga Tumfure zuwa asibitin da take aikin jinya, tafiyar da in ka fara da gemu baƙi sai ka sauka da furfura, ga mota tana kwance a tsakar gida.

"Ai kin ga ƙafar," na ce, ina nuna bandeji a ƙafar hagu.

Ta dubi ƙafar ta dube ni. "Jiya ta dama ce. Yau ciwon ya yi hijira?"

"Haka sanyin ƙashi yake, Hajiya. Yawo yake yi."

"Allah ya zaunar da shi wuri ɗaya."

Mai hankali makarantar koyon tuƙi zai tafi. Amma Gombe ba ta da sirri. Motocin koyon nan da jan harafi a gaba da baya kullum sai sun bi ta gaban majalisarmu, kuma mai makarantar unguwarmu ɗan majalisar ne, ya fi kowa haddace labarin tirela, har yakan gyara mini in na manta adadin shanun. In ya gan ni a kujerar ɗalibi, gara in yi ƙaura zuwa Chadi.

Dabara ta zo mini ne a wurin aski. Na ga samari a shagon da ke kusa suna gem a talabijin, wani na tsere da mota yana shan kwana kamar aljani, ga shi ko keke ban yi zaton ya mallaka ba. Na ce to, ashe ana iya koyon abin nan a ɗaki, ƙofa a rufe, ba shaidu.

Na shiga kasuwa na haura wani bene inda ake sayar da irin waɗannan na'urori. Mai shagon sa'ana ne, mai ɗan tumbi da tabarau, irin mutanen da ke auna ka tun kana bakin ƙofa.

"Alhaji, bismillah. Me za a ba ka?"

"Akwatin gem nake nema. Na yaro ne."

Ya jera mini guda uku a kan kanta. Ta farko fara ce doguwa, kamar an rage wa firij tsawo. Ta biyu baƙa ce mai kusurwa huɗu kamar bulo. Ta uku 'yar ƙarama ce mai araha, ya ce wasa dubu ne a cikinta, amma tsakani da Allah in ta yi awa ɗaya a kunne takan fara warin ƙonannen wake.

"Yaron ƙwallo yake so ko faɗa?"

"Tuƙi yake so."

Ya shiga ciki ya fito da sitiyari sosai, mai maɓallai, da wani faranti mai abin takawa biyu, birki da totur. Zuciyata ta yi fari.

"Shekarunsa nawa?"

"Tara."

"Anya ƙafarsa za ta kai?"

"Dogo ne. Ya kusa kamo ni."

"Ikon Allah. Takalminsa lamba nawa?"

"Arba'in da huɗu."

Mai shago ya leƙo ta saman kanta ya kalli ƙafafuna, ya gyara tabarau. 'Ya'yana uku ne, duka mata, biyu na makarantar kwana, babbar na jami'a. Amma a wannan shagon na haifi ɗa namiji mai ƙafar raƙumi, kuma har yau in na wuce mai shagon yakan tambaye ni lafiyarsa.

"To Alhaji, ga shawara," ya ce. "Wasan tuƙin da zan sa maka a farar nan ba shi da imani. In yaron ya daki bango, mota ta lotse, wasa ya ƙare, sai ya koma farko. Shi ke koya wa mutum tsoron Allah. Wanda ke kan baƙar kuwa akwai wani maɓalli a sitiyari, in ka yi karo sai ka danna, komai ya koma baya kamar ba a yi ba. Motar ta miƙe, bangon ya tashi, ka sake shan kwanar."

"Kamar ba a yi ba?"

"Kamar ba a yi ba."

Ni da na shekara ashirin ina gyara labari bayan ya faru, ai an zo gidana. Na ce a ɗaure mini baƙar.

"Da ni ne uban yaron, farar zan ɗauka," in ji shi.

"Da kai ne ubansa, da ka san ba ya son wulaƙanci."

Na ɗauki hutun mako biyu a ofis. Kullum da safe, da zarar keken matata ya sha kwana, sai in rufe ƙofa, in ɗaure sitiyari a teburin falo, in tokare farantin takawa da buhun shinkafa don kada ya zame, in gyara zaman hula. Ƙafar hagu a birki, ta dama a totur, don abin takawa biyu ne, ƙafa ma biyu Allah ya ba ni, lissafi ya fita. Ranar farko na rushe wata ƙasar Turawa gaba ɗaya. Ban bar fitilar titi ko ɗaya a tsaye ba. Amma ina danna maɓallin nan sai kowa ya tashi ya karkaɗe jikinsa, ba mai cewa a je ofishin 'yan sanda. Ƙasa ce mai albarka: ba keke, ba acaɓa, ba akuya, ba mai baro da ke tsallaka titi yana waya. A rana ta goma ni ke zuwa na ɗaya a kowane tsere. Na fara tunanin wataƙila da gaske na kai shanun nan Ikko, mantawa na yi.

Ran nan matata ta dawo da wuri, ta same ni na kwanta a kan kwana, hula ta faɗi, harshe a waje.

"Na yara ne," na ce. "Gwada musu nake yi kafin su dawo hutu."

"Allah sarki, uba nagari." Ta ajiye jaka ta tsaya tana kallon ƙasan tebur. "Baban yara, da ƙafa biyu kake takawa?"

"Haka muke yi a tirela."

"To."

Wannan "to" ɗin, da ina da wayo, da na tsaya na kwance ƙullinsa na ga abin da ke ciki.

Ranar Asabar da hantsi muka ji tsayuwar keke a ƙofar gida. Dada ce, da ƙullin kayanta, da tsarabar sabulu da atamfa ta ƙanwarta. Ta gaji da jira. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bishiyar darbejiya. Sannan ta juya ga matata.

"Ki tambayi mutumin naki, motar kwanci take yi? In ƙwai ta saka a gaya mana mu jira 'yan tsaki."

Ta zagaya motar sau ɗaya tana duba ta kamar saniyar da za a saya, har da ɗan bubbuga mata gindi. Ta yi addu'a ta tofa a sitiyari, ta buɗe baya ta zauna daidai bayan kujerar direba, inda idonta ba zai haɗu da nawa ba. Matata ta wangale ƙofar gida ta zo ta zauna a gaba, ta ja bel ta ɗaure, ta sake jan shi ta tabbatar. Na ga leɓenta na motsi.

Na shiga na tayar da mota. A nan na gano abin da mai shago bai gaya mini ba. A ƙasar Turawan nan tawa, kullum mota gaba take kallo. Ban taɓa yin ribas ba ko sau ɗaya. Ga dillali ya bar mini hancin mota a bangon kicin.

Na ce ba komai, ribas ai gaba ce da aka juya. Na danne birki da hagu, na ja giya, na taka totur da dama yadda na saba in an kaɗa tutar tsere, wato har ƙasa. Mota ta yi wani gurnani, tana rawa a wuri ɗaya kamar ragon da aka riƙe wa ƙaho. Sai na ɗage ƙafar hagu.

Jama'a, ban san ƙofar gidana na da faɗi haka ba sai ranar. Muka fice ta baya kamar an harba mu da gwafa, muka tsallake layin, muka faɗa gonar gyaɗar maƙwabcina, don a Tumfure gida da gona ƙofa da ƙofa suke. Mota na hawa kunya tana sauka, kan Dada na gaisawa da rufi, tsarabar sabulu na yawo a iska. Na taka birki, na taka totur, na taka su tare, na taka ƙafata da kaina. A kunya ta goma sha ɗaya cikin motar ya zauna daram a kan ƙasa, tayoyi na juyawa a banza.

Kuma wallahi abin da na fara yi shi ne laluben maɓallin nan da babban yatsa. Na samu wani a jikin sitiyari na danna da ƙarfi. Gyaɗa ba ta tashi ba. Rediyo ce ta kama, wani mutum na rantsuwa cewa maganinsa na basir ko ɗan shekara talatin ne sai ya fito.

Maƙwabcin nawa, dattijo ne mai haƙuri, ya taho da fartanya a kafaɗa ya leƙo ta taga.

"Alhaji, sannu da zuwa. Shuka ka zo yi ko girbi?"

Ba wanda ya ji ciwo. Dada ta gyara ɗaurin kallabinta, ta shafa ledar kujera a hankali, ta ce, "Ke mota, ki yi haƙuri. Haka ya yi wa jakin babansa."

Matata ta kashe rediyo. "Baban yara, sauko."

Na sauko. Ta sa maƙwabcin ya sare kunyar da ke ƙarƙashi, ta ce ni in tura, ta shiga ta cire takalmi, ta ɗora ƙafa ɗaya tak. Sai ga mota ta fita daga gona salin-alin, ta hau layi, matata ta juya ta da hannu ɗaya, motar ta shige gida da baya ta tsaya hancinta na kallon ƙofa. Na biyo ta a ƙasa, babbar riga duk jar ƙasa.

"Hajiya, yaushe kika iya?"

"Ka manta aikin babana? Shekara talatin yana jan babbar mota daga Nasarawo zuwa kudu. Ina 'yar sha biyar nake juya masa ita a fili."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

"Yaushe ka yi shiru da zan faɗa? Tun daren farko da ka ce tirelarka giya huɗu ce na san inda aka kwana. Na ce bari in ga iya inda shanun za su kai."

Na ɗauka magana ta ƙare, ga direba a gida, sai ta kai Dada ƙauye a rufa mini asiri. Har na fara shirya abin da zan ce a majalisa, cewa manyan mutane a baya suke zama. Sai na ji muryar Dada daga cikin mota, da matata take.

"Ki mayar da ni Shamaki. Tafiyar can kuwa, na faɗi wanda zai kai ni. Shekara arba'in da bakwai ban tambaye shi komai ba, wata biyu ba zai gagare ni jira ba. Ki ce masa ƙanwar tawa dai ba yarinya ba ce."

Wannan ta fi gonar gyaɗa zafi. Kafin azahar labari ya riga ya kai majalisa, an ce shanun Ikko sun dawo sun ci gyaɗar Tumfure. Mai makarantar tuƙi ya aiko mini da jan harafin nan guda biyu kyauta, a cikin ambulan. Na liƙa su, gaba da baya. Mutumin da aka gani yana tura motarsa daga gona ba shi da sauran abin ɓoyewa.

Matata ce ta koya mini, a filin wata makarantar firamare bayan la'asar. Tana zaune da mafici a hannu, duk lokacin da ƙafar hagu ta motsa sai ta sauke mini shi a gwiwa. "Wannan ƙafar ta yi ritaya, Baban yara. Ka bar ta ta ci fanshonta." Na yi ribas har na fara mafarkin ina tafiya masallaci da baya. Maƙwabcina kuwa muka daidaita: duk kaka ni ke kai masa buhunan gyaɗarsa kasuwa, yana zaune a gaba yana nuna wa mutane ni. Akwatin gem ya koma hannun 'yan mata da suka dawo hutu, autar ta shafe duk tarihin da na kafa a kwana biyu, da ƙafa ɗaya.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, da lasisina a aljihu, na tsaya a ƙofar gidanmu na Shamaki. Dada ta fito da ƙullinta ta zauna a inda ta zauna da farko, matata a gaba. Na yi bismillah na kama hanyar Dukku, hannu biyu a sitiyari, hanci ya kusa taɓa gilashi. Tun da na san a wannan titin ba maɓallin komawa baya, kuma uwata ce a bayana, allura ba ta wuce ashirin ba. Keke ya wuce mu. Acaɓa mai ɗauke da katifa ya wuce mu. Wani tsoho a kan keken hawa da akuya ɗaure a baya ya wuce mu, akuyar ta waiwayo ta kalle ni, ina jin daga dangin masu kawo mini saƙo ce. Da muka fita gari wani garken shanu ya jera da mu, muka yi tafiya tare kamar an haɗa mu kiwo, har jagoransu ya gaji ya yi gaba.

Sai na ji an taɓa kafaɗata da yatsa ɗaya daga baya.

"Kai. Taka ta mana. So kake in iske ta a kabari?"

Na duba madubi. Ba matata take kallo ba, ba motar ba, ba shanun ba. Ni take kallo. Titi ya yi mini dishi-dishi, na sa hannun riga na goge ido.

"To, Dada."

"Ƙafa ɗaya!" in ji matata, tana ɗaga mafici.

Na taka. Allura ta hau arba'in. A majalisa na ce ɗari da tamanin.